Ciyawar da Na Kira Ƙarangiya

Jiya na buɗe tsohon littafina na karatun Madina, sai wata busasshiyar ciyawa ta faɗo. Na riƙe ta na daɗe, ban ji komai ba, kamar ranar da muka kai Baba maƙabartar Baƙi'a.

Tsoho ne mai ban ruwan dabino a kwarin Aƙiƙ, a gefen Madina. Ni ɗalibi ne a lokacin, nakan je wurinsa ranar Alhamis don in ji Hausa. Ba ya tuge ciyawa sai ya san 'yar ina ce, su wane ne danginta.

Wata rana wannan ciyawar ta manne mini a ƙafar wando. Na ce, "Baba, ga ƙarangiyar gida ta biyo mu."

Ya cire ta da yatsunsa masu kaushi da warin laka. "Ɗana, duk abin da ya maƙale maka sai ka ce na gida ne. Taɓa karan, kusurwa huɗu gare shi. Ganyen kuma ya zagaye shi kamar zobe. Dangin fuwa ce, wadda ake rinin ja da saiwarta. 'Yar duwatsu ce, ta fi son sanyin Sham."

Da ya rasu, limamin unguwa ya tambaye mu garin da za a aika wa labari. Muka dubi juna. Shekara huɗu ina shan shayinsa, ban taɓa tambayarsa ɗan ina ne ba.

Allah, Kai ka san garinsu. Ka sada shi da danginsa cikin rahama.