Tsumma a Bututun Hayaƙi

Bayan na fita takaba, ƙanen maigidana ya zo daga Kurni ɗaukar babur ɗin marigayi, rabonsa na gado. Babur ya ƙi tashi. Ya zuba esansi a tankin mai, ya goge buji mai ba injin wuta, ya yi ta fama.

Ni na san ciwon. In marigayi zai tafi cin rani Kano, yakan cusa tsumma can cikin bututun hayaƙi, kada zanzaro ya yi gini. Tafiyar da bai dawo ba ma ya cusa.

Na yi shiru, ina son babur ɗin ya ƙara kwana a zaure. Amma Allah na gani.

Na ce, "Malam, duba bututun."

Ya zaro tsumman, injin ya tashi. Na shige ɗaki, na kasa jure jin wannan ƙara babu sallamar maigida a bayanta.