Matar da Ta Ƙi Duban Fuskata

Wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, ina 'yar shekara sha tara, muna zaune a unguwar Barroquinha cikin birnin Salvador, can ƙetaren teku inda aka kai iyayenmu bauta. Babana tela ne da ya samu 'yancinsa, shi ya raine ni, shi ya koya mini karatu. Uwata kuwa an sayar da ita zuwa wata gonar rake tun ina rarrafe, ko kamanninta ban riƙe ba.

Wata safiya wani mai alfadarai ya kawo labari cewa tana kwance, jiki ya yi tsanani. Baba bai ko naɗe ɗinkin da ke hannunsa ba, muka ari alfadari muka kama hanya. Kwana biyu muna ratsa gonakin rake da taba da rogo, da ƙananan garuruwa masu farar coci a tsakiya, ni kuwa ina ta shirya maganar da zan fara yi mata, in shirya in warware.

Rana ta uku muka shiga wani kurmi mai dogayen itatuwa, hasken rana na saukowa siri-siri kamar zare. Da azahar Baba ya gangara rafi yin alwala, ya bar ni da alfadarin. Sai ga wata mata siririya ta fito daga cikin itatuwan, ta yi sallama da Hausa, abin da sai a yi wata ban ji daga bakin baƙo ba. Ta zauna a kan wani gungume, ta juya mini gefe, tana kallon ƙasa.

"Yarinyar nan tana cin abinci kuwa?" in ji ta.

Na ce ina ci.

"Yarinyar nan ta iya karatu?"

Na ce, "Iya, ga ni a gabanki, ki tambaye ni mana." Na faɗa mata sunana. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta ƙara juya kai. Raina ya ɓaci, da ma ga gajiya ga zullumi, na ce, "In ba za ki dube ni ba, ki kama hanyarki." Na juya ina gyara kaya. Da na waiwaya babu kowa, ga busasshen ganye ko'ina, amma ban ji takun ko ƙafa ɗaya ba.

Da Baba ya dawo na ba shi labari ina ƙorafi. Ya tambayi kamanninta, na ce tsage uku a kuncin hagu, shi kaɗai na gani. Ya zauna a ƙasa.

"A garinmu," ya ce, "uwa ba ta duban ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa. Kunya ce. Uba ma haka, ke kuwa ke ce ta farinmu, amma ni na karya al'adar don ba ki da kowa sai ni, ban kuma taɓa gaya miki ba."

Washegari da yamma muka isa gonar. Matan wurin suka ce ta yi makonni ba ta iya tashi, jiya da azahar ta cika.

Ban san abin da na gani ba, Allah ne masani. Abin da na sani, duk maganar da na yi ta shiryawa a hanya ban faɗi ko ɗaya ba, kora kawai na yi.

Ku da iyayenku ke raye, ku tambaye su al'adun gida tun suna iya amsawa. Baƙo kuma in ya zauna kusa da ku a hanya, ku yi haƙuri da shi har ya gama.