Waƙar Habu a Kan Fiyanon Kawu Tanimu

Duka na sha ranar da na fara jin sunan Kawu Tanimu. Ina 'yar firamare a Gumel, na kifa kwano a tsakar gida ina ƙwanƙwasa shi da cokali, sai Gwaggo ta make mini hannu ta ce, "Gadon Tanimu za ki yi mana?" Na tambaya wane ne Tanimu, kowa ya kama wani aiki. Sai da yamma mahaifiyata Sabuwa, tana tsefe mini kai, ta faɗa mini ƙasa-ƙasa cewa yayanta ne, ɗan farin kakata Inna Azumi. Ya tafi Masar karatu tun ita tana budurwa, bai dawo ba, kuma ba a ambatonsa a gaban kakana Malam.

A gidanmu ni ce mai riƙe irin waɗannan abubuwa, wa ya haifi wa, wa ya ɓata da wa, don haka na riƙa tsintar labarinsa gutsure-gutsure. Su biyu aka tura Alƙahira daga unguwarmu, shi da abokinsa Habu. Kawu ya samu aikin share-share a gidan wata tsohuwa 'yar Girka a unguwar Ma'adi mai koyar da fiyano. Ta kama shi wata rana yana taɓa mata kayan kiɗa, maimakon ta kore shi ta zaunar da shi ta koya masa. Daga baya ya riƙa yi wa masu cin abinci kiɗa a wani otal. Habu ya zo hutu gida, ya zauna a zauren Malam, ya cinye tuwon da Inna Azumi ta aiko masa, sannan ya ce Tanimu ya bar karatu, ya bar salla, mashaya yake yi wa kiɗa. Maganar salla ƙarya ce tsagwaronta. Malam ya yanke Kawu daga cikin 'ya'yansa. Indo, yarinyar da aka yi wa Kawu alkawari, kafin shekara ta zagayo tana ɗakin Habu. Inna Azumi ta rasu kafin a haife ni, ba ta ƙara ganin ɗanta ba, aka sa mini sunanta na yanka.

A shekarar 2012 na bi mijina Harun zuwa Alƙahira, inda yake karatun fiƙihu. Muka kama ɗaki a Hadayek el-Ma'adi. Ban yi wata guda ba na dame shi sai ya nemo mini Kawu. Ashe babu wuya, kowane tsohon ɗalibi ya san Ammu Tanimu mai fiyano, wato Baffa Tanimu da Larabcinsu, kuma tafiyar ƙafa ce tsakaninmu da shi. Alhaji Habu ma yana nan, ya zama babban ɗan kasuwa a unguwar Dokki mai aika abaya gida, shi ake sakawa gaba a duk taron 'yan Najeriya.

Kawu dogo ne siriri, gashin kansa fari fat, Hausarsa ta cakuɗe da Larabci. Da na faɗi ko ni 'yar wace ce da sunan da aka sa mini, ya daɗe yana kallona, sannan ya matsa daga bakin ƙofa ya ba mu hanya, ni da Harun.

"Shigo, Uwata. Kai ma Ustaz shigo, fiyano ba ya karya alwala."

Ɗaki ɗaya ne a ƙasan bene, fiyanon da tsohuwar ta bar masa ya cinye rabinsa. Tun da aka yi juyin juya halin 2011 baƙi suka ɗauke ƙafa, otal ɗin ya sallame shi, ya koma ɗaure wayoyin fiyano a gidaje da makarantun Ma'adi. Sauran lokacinsa kuwa ya zuba shi a aiki ɗaya. Ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado ya nuna mini: takardu masu layuka biyar-biyar da ya ja da hannunsa, cike da ɗige-ɗige masu jela. Nota suke ce masa, rubutun kiɗa. Duk waƙoƙin Inna Azumi ne, na daka, na niƙa, na reno, ya juyar da su yadda mutum ɗaya zai buga a fiyano ba da murya ba. Kowace kwafi ɗaya ce tak a duniya. Wani Bature mai tara irin waɗannan takardu ya taɓa binsa har gida, Kawu ya ba shi shayi ya sallame shi.

Ya buga mana ɗaya. Hannun hagu ya zama taɓare biyu suna lugude, na dama kuwa yana yawo a kan baƙaƙen haƙoran fiyanon, inda ya ce waƙoƙin gida kusan duka suke zaune. Ban taɓa jin muryar kakata ba, amma na gane waƙar tun kafin ta yi nisa, domin da ita mahaifiyata take surfen gero.

Ziyara ta yi yawa kafin ya ambaci Habu. Da ya fara kuwa, sai na ga inda mutumin nan yake ajiye da wutarsa. Ya san lambar motar Habu, ya san masallacin da yake Juma'a, don kada ya kuskura ya tsaya sahu ɗaya da shi. Ya ce fiye da shekara talatin suna gari ɗaya, kullum bayan asuba sai ya kai ƙararsa wurin Allah. Amma akwai abin da ya fi Habu cinsa. A kaset Malam ya aiko masa da hukuncin. Da ya gama faɗa sai aka ji ya ce, Azumi, kina da magana? Sai shiru. Ana jin kaza tana kuka a tsakar gida, sannan aka kashe rediyon. Kawu ya ce tunda uwarsa ba ta ce uffan ba, ita ma ta yarda da Habu ke nan, kuma da wannan ya kwana ya tashi har ya yi furfura.

Na ce, "Kawu, Masar ta mantar da kai. Kai fa ɗan fari ne. Ta yaya za ta buɗe baki a kanka a gaban Malam, ita da ko sunanka ba ta faɗa?"

Ya ce ya sani, "wancan" take ce masa. Amma kunya daban, wannan daban.

Na ce ai ta yi magana, a bakin turmi ta yi. Na gyara zama na rera masa waƙar da duk matan unguwarmu suka sani, wadda ta ƙirƙira bayan tafiyar Habu, Kawu kuwa babu mai kawo masa:

Habu mai kai labari,
ka ci tuwona ka tashi,
ka raba ni da wancan,
Allah ya raba ka da barci.

Bai yi kuka ba. Ya tashi ya wanke fuska a famfo, ya dawo ya fere fensir, ya ce, "Yalla, mu je, Uwata, daga farko."

Mun yi watanni a kan waƙar nan. Ya ce idan ina zaune hannu sake ina ja mata rai kamar waƙar makoki, alhali uwarsa da fushi ta yi ta. Sai ya sa na riƙa zuwa da ɗan turmin yajina, ina dakan barkono ina rerawa, shi yana atishawa yana rubutu. Mun yi musu sosai a kan gurin da ake ɗaga taɓarya a ja numfashi kafin layin ƙarshe. Ni na ce ya cike shi, shi ya ce a'a, nan ne take haɗiye abin da ba za ta iya faɗa ba, ya bar shi fili. Harun kan zauna a bakin ƙofa da littafinsa, yana cewa shi dai bai ji komai ba, ƙafarsa kuwa tana bin luguden.

Da ya gama, na ɗauka za ta shiga akwati wurin 'yan'uwanta. Ya ce wannan ba ta akwati ba ce. Inna ta yi wa Habu aike, aiken bai taɓa isa kunnensa a gaban mutane ba, shi kuma ba zai mutu ba sai ya isar.

Dama ta zo a ƙarshen 2013. Alhaji Habu zai aurar da autarsa, ɗansa ya kama wani ɗakin taro a Dokki mai babban fiyano, don a burge abokan kasuwanci Misirawa. Saboda dokar hana fita da aka sa a lokacin, da rana aka yi walimar. Kawu ne yake ɗaure wayoyin fiyanon nan shekara da shekaru, don haka da ya roƙi manajan ya bar masa kujerar ranar, mutumin ya ce tamam, ya amince. Ni kuwa an gayyace ni kamar kowace matar ɗalibi, na zauna a teburin tsofaffin da aka ɗauko a jirgi daga Gumel, yayyen Hajiya Indo da ƙannen Alhaji.

Kawu ya sa baƙar kwat, ya ba jama'a baya. Ya fara da kiɗan otal mai sanyi, ba wanda ya kula da shi. Ya jira har Alhaji Habu ya miƙe cikin babbar riga, ya karɓi lasifika, ya gama godiya, ya soma zagaya tebura yana gaisawa. Sai hannun hagu ya fara lugude.

Tsohuwar da ke kusa da ni ta ajiye cokali. Ta ce wa ta gefenta, wannan kamar ta Azumi. Ni na fara buga tebur da tafin hannu, ba na ɓoyewa, kuma ko yau aka sake zan buga. Kafin waƙar ta zagayo sau biyu teburinmu duka yana rera ta a maƙogwaro, wata ta toshe baki da mayafi tana dariya har da hawaye. Ba wanda ya furta kalma ɗaya, kuma ba a bukata. Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya ji sunan Habu yana fita daga cikin katakon nan sarai. Misirawa suka ji daɗin kiɗan suka kama tafi, suna tambayar Alhaji sunan wannan waƙa ta ƙasarsu.

Alhaji Habu ya tsaya cak, hannunsa cikin na wani baƙo. Idan ya ce a tsayar, sai ya faɗi dalili. Idan ya yi shiru, sai ya ji ta har ƙarshe. Ya ji ta har ƙarshe. Da aka zo filin nan da Kawu ya ƙi cikewa, ɗakin ya yi tsit, sannan layin ƙarshe ya sauka. Na dubi Hajiya Indo. Kanta a sunkuye yake, amma yatsanta yana bin taɓarya a kan jakarta.

Kawu ya rufe fiyano, ya juyo, ya zo har gaban Alhaji. Cikin ladabi ya ce, "Habu, Allah ya sanya alheri. Inna ce ta ce in gaishe ka." Ya fita ya nufi tashar jirgin metro.

Manajan bai ƙara kiransa ba, wasu ɗalibai suka daina gaishe shi, dattawa suka aiko cewa ya ɓata wa yarinya marar laifi ranarta. Ya ce ma'alish, a ba amarya haƙuri, zai ɗaure mata fiyano kyauta idan ta saya. Tsofaffin nan kuwa suka koma Gumel da labari, mahaifiyata ta bugo mini waya tana cewa waƙar ta dawo bakin 'yan mata, har masu kai niƙa inji suna yin ta a hanya. Ban taɓa ganin Kawu da ƙiba ba sai a shekarar nan.

Ya rasu a farkon 2015, ciwon ƙirji, kwana kaɗan. Akwatin yana wurina, ban iya karanta ko ɗigo ɗaya ba, amma na san wace takarda ce wace waƙa, domin ya sa na rubuta layin farko na kowacce a samanta. A ɗakinmu aka yi zaman makoki, tunda ni ce jininsa a ƙasar nan.

Rana ta uku Alhaji Habu ya zo. Ya rame, yana dogara sanda. Ya yi addu'a doguwa, sannan ya sa Harun ya kira ni bakin labule. Ya ce ya ji sunan marigayiya nake ɗauke da shi, kuma ni ce kaɗai tasu a nan, don haka yana roƙo in ce na yafe, a madadinta da ɗanta, ko ya samu ya runtsa. Mutanen da ke wurin suka ce ai wannan abu ne mai sauƙi. Harun ma ya dube ni da ido mai roƙo.

Na kawo masa ruwa mai sanyi, na sa aka ƙara masa matashi, na yi masa godiyar zuwa. Ya jira, ban ce na yafe ba. Ya ƙara jira, har aka kira la'asar, ya tashi.

Wata rana muna dakan barkonon nan, tun kafin walimar, Kawu ya ɗaga kai daga takardarsa ya ce mini:

"Uwata, in na riga shi tafiya zai zo gaisuwa, na san shi. Ki ba shi ruwa, ki ba shi wurin zama. Amma don Allah kada ki yafe a madadinmu. Ni da Inna muna jiransa a can."