Mai Riƙe da Igiyar Rago

Duk wanda ya taɓa sayen rago a Madarumfa ya san Sama'ila dillali. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma na shaida ban taɓa ganin mai son ɗaukar hoto kamarsa ba. Tun da salula mai hoto ta shigo, yake ɗaukar raguna yana aika wa masu saye a Katsina. In salula ta mutu sai ya cire ɗan katin da ke riƙe hotunan ya jefa cikin gwangwanin madara. Hotuna sun haura dubu huɗu: rago ta gaba, rago ta baya, 'ya'yansa, abokansa, har da ni ina hamma.

Mutum ɗaya ce bai taɓa ɗauka ba, 'yarsa ta fari, Zahara'u. Kunyar ɗan fari ta hana. Ko sunanta ba ya faɗa, sai "waccan". Na sha yi masa tsiya a kai, yana dariya yana cewa haka ya tarar. Shekara goma sha biyu ke nan da ta rasu, ta bar jinjirarta Bushira a hannunsa.

Bana Bushira ta cika goma sha biyu. Rannan muna zaune ƙofar gida ta zo ta durƙusa.

"Kaka, wai da wa innata ta yi kama? Ka gwada mini hotonta."

Sama'ila ba shi da ko hoto ɗaya da zai gwada mata. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni. Rago dubu a gwangwani, 'yar cikinka babu.

Washegari muka hau kabu-kabu zuwa Ɗan Issa wurin Rabi'u mai gyaran salula, da gwangwanin a aljihun Sama'ila. Rabi'u ya juye katunan duka cikin sabuwar salular, ya ce sai an zaɓi manhajar da za ta jera su, in ba haka ba za mu tsufa muna latsawa. Ta farko ba ta motsi sai da rezo, wato sabis ɗin waya, shi kuwa rezo a bakin iyaka yanzu na Nijar ne, an jima na Najeriya. Muka bar ta. Ta biyu gwanar gyaran fuska ce. Rabi'u ya gwada ta a kaina, ta goge mini zanen gado ta mai da ni jawur kamar ɗan Larabawa.

"Hidda wagga," in ji Sama'ila. "In ta iske ɗiyar mutane haka za ta yi mata?"

Ta uku ba ta da ado. Aikinta tara fuskoki, kowa da rumbunsa, kuma ba ruwanta da rezo. Ita muka ɗauka. Muka sha shayi tana aiki.

Da ta gama, Rabi'u ya buɗe rumbun Bushira don gwaji. Ga ta ranar suna, ga ta da kayan lakwal za ta makaranta. Sai ga wani tsohon hoto ya faɗo ciki, dishi-dishi: ƙaton balami, a gefensa budurwa ta riƙe igiya tana dariya.

"Manhajar ta yi kure," Rabi'u ya ce. "Wannan hoton ya girmi yarinyar da shekara ukku."

Sama'ila ya karɓi salular. Ashe rago ba ya tsayawa hoto shi kaɗai, dole wani ya riƙe, kuma shekaru da dama innar Bushira ce mai riƙon; kamar da suka yi ce ta sa manhajar ta haɗa su. Idonsa na kan rago, bai taɓa lura ba. Muka bi sauran ragunan wannan lokacin, muka same ta har sau goma sha ɗaya. A wasu hannu ne kawai da gefen kallabi, uku kuwa fuska ce sarai. Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, ni da ba 'yata ba.

Rabi'u ya yanke ragon ya ƙara haske kaɗan. Ya ware hotunan wuri guda, manhajar ta nemi a sa suna.

"Baba, mi za ni rubutawa?"

Na buɗe baki zan fitar da shi kunya, Sama'ila ya dafa mini gwiwa. Ya daɗe yana kallon fuskar.

"Zahara'u," ya ce. "Rubuta Zahara'u. Ka wanko mini guda babba, Bushira na jira."