Ƙahonin Bihogo

A tudun Ijenda, inda gonakin shayi suka haɗu da makiyaya, an yi wani Bature ɗan Beljiyam mai suna Wilfried Decraene. Ya zo ne don ya koya wa ƙungiyar masu nono yin cuku, ya zauna har furfura ta fito masa a nan. Ba mai kiransa da sunansa. "A Wurinmu" ake ce masa, domin da wannan yake buɗe kowace magana. A wurinmu gaisuwa ba ta cinye safiya. A wurinmu in mutum ya ce i, to i yake nufi. A wurinmu saniya guda tana ba da nonon da garkenku duka ba ya bayarwa.

Bisa hanya yake cin abinci, burodi da cuku a hannu, yana tauna yana gai da dattawa, abin da ko yaron da aka yaye jiya ba zai yi ba a ƙasar nan. Karensa a kujera yake kwana. Ran Lahadi yakan soya dankali cikin kitse har ƙaurin ya iso ƙofar coci. Ya iya Kirundi, harshen ƙasar, daidai yadda zai ɓata wa mutum rai ba tare da ya sani ba, kuma duk abin da idonsa ya gani sai bakinsa ya yanke masa hukunci.

Mutum ɗaya ne ke tare masa faɗa, shi ne Malam Barnabe Ntahobari, tsohon malamin makarantar mishan, wanda ke riƙe da sandar magana a zaman dattawa. A wancan zamanin sandar ba abin wasa ba ce. Mai ita in ya buga ta a ƙasa ya yi magana, rigimar gona ko ta gado ta mutu ke nan.

Dalilin da ya sa Malam Barnabe ke tare masa faɗa kuwa shi ne, wata damina matarsa Imelda ta faɗi a gonar wake, hanya ta lalace, direbobi duk suka ƙi. Baturen ne ya ɗauke ta a motarsa ya kai asibiti, yana zagin laka da gwamnati tun daga tudu har ƙofar likita. Imelda ta warke. Malam Barnabe ya ce alheri irin wannan ba a rama shi da baki, saniya zai bayar. Ba kuma kowace ba, Bihogo, ja wur, jikar saniyar da mahaifinsa ya bar masa. Ƙahoninta farare ne, sun buɗe sun yi sama kamar mai ɗaga hannu wajen addu'a, mutane kan bar hanyarsu su zo kallonta.

Da ya faɗa wa dattawa, suna zaune kewaye da tulun giyar ayaba, sai abokinsa na ƙuruciya, Gaspar Sindayigaya, ya zare karan sha daga bakinsa.

"Malam, karatu ya taɓa maka kai ne? Mutumin da ke ba kare kujera za ka ba Bihogo? Kafin Kirsimeti ya soye ta da dankali."

Aka yi dariya. Wani ya tuna masa bulalar da iyayensu suka sha a hannun 'yan ƙasar mutumin. Wani ya ce wanda aka ba saniya ɗan'uwa ya zama, zai zo da giya ya yi godiya, ya yi wa saniyar kirari, ya riƙa rantsuwa da sunan mai kyautar, to wane daga ciki wannan zai iya? Malam Barnabe ya ce ya yi shekaru yana koya wa 'ya'yansu abin da ya fi wannan wuya. Suka ci gaba da yi masa ba'a har ransa ya ɓaci, ya buga sanda a ƙasa.

"In ya wulaƙanta ta, ga sandata, ku karɓe. Wanda bai iya gane mutum ba, bai isa ya raba gona ba."

Aka kai saniya da rakiya. Baturen ya zagaya ta, ya leƙa haƙoranta, ya taɓa hantsar, ya ce ƙashi ne da ƙaho, amma ya gode. Bai zo da giya ba. Cuku ya aiko. Malam Barnabe ya haɗiye wannan, ya ce wa Imelda kowa da yadda aka rene shi.

Bayan girbin wake sai Baturen ya tare su a ƙofar coci, fuska a sake, ya ce dattawa duka su zo su ga abin da ya yi wa saniyar abokinsa. Malam Barnabe ya sa kwat ɗinsa ya shige gaba, yana satar kallon Gaspar.

Ɗaki ya gina mata na siminti, da rufin kwano, da ƙarafa inda za ta zura wuya ta ci ciyawa, irin na ƙasarsu. A ciki ga wata dabba ja tsaye, kai ƙwal kamar jaki, an shafe wurare biyu da baƙin magani, ƙudaje na bi. Sai da ta ji muryar Malam Barnabe ta yi kuka, sannan ya yarda ita ce.

"Ƙahon bai shiga tsakanin ƙarafan ba," in ji Baturen, "sai na sa zarto. A wurinmu tun suna 'yan maruƙa ake cirewa. Ka ga yanzu ta zama saniya, Barnabe."

Ko Gaspar, da ya taho da ba'arsa a shirye, ƙasa ya duba. Malam Barnabe ya tambaya, cikin Faransancin nan nasa da ba a taɓa kama shi da kuskure ba, ina ƙahonin suke. Baturen ya ji daɗin tambayar, ya kai shi zaure, dattawa na biye. Ashe ya kafe su a bango da ƙusoshi, ya rataya malafarsa a ɗaya, igiyar kare a ɗayan.

Malam Barnabe ya sauke malafar ya ajiye a kan tebur, ya sauke igiyar, ya girgiza ƙahonin har ƙusoshin suka fita. Kyauta ba a karɓe ta, saboda haka saniyar ta zauna. Ya rungumi ƙahonin da hannu biyu, sai ya ga ba hannun da zai riƙe sanda.

"Gaspar, riƙe."

"Haba, Malam, magana ce ta bakin tulu. Wa zai bi ka bashinta?"

"Na buga ta a ƙasa," ya ce. Ya saki sandar ya fita.

Bai ƙara magana a zaman dattawa ba har ya rasu, ko da yake sun sha aika masa. Baturen kuwa ya ƙara shekaru a tudun yana yin cukunsa, sai dai masu kawo masa nono sun yi ta raguwa. Duk baƙon da ya sauka gidansa sai ya ba shi labari: mutanen nan fushinsu ba dalili, ka gina wa saniyar mutum ɗaki, ya shigo ya ɓalle maka abin rataya hula.