Koren Ƙyallen Kwamfutar Ofis

Na daɗe ina riƙe da makullin ofishin wata ƙungiyar manoman gyaɗa a Karaye. Ni ke buɗewa, in share, in rufe. Kwamfuta ɗaya ce a ofishin, babba ta kan tebur, da ɗan modem maƙale a bayanta. Ba mai taɓa ta sai akawunmu, magidanci ne mutumin Rogo Ruma. Kullum in zai tashi sai ya lulluɓe ta da wani koren ƙyalle.

Wata Asabar 'yata ta zo daga Kafin Dafga, inda take aure tana koyarwa a firamare. Ta aro laftof za ta cike fom na ƙarin karatu, ranar za a rufe karɓar fom ɗin, kuma ba ta da intanet. Na kai ta ofis. Laftof ɗin ta ƙi karɓar modem.

"Baba, bari in jona waya tsakaninsu, ta ofis ta sam wa tawa intanet. Minti goma kawai."

Na tsaya a bakin ƙofa tana ta danne-danne a cikin babbar. Duk babur ɗin da ya wuce sai in leƙa in ga ko akawu ne. Da ta gama na lulluɓe kwamfutar da hannuna, muka fita.

Ranar Litinin kwamfuta ta ƙi shiga intanet, kuma a ranar ne za a tura sunayen manoma masu neman taki. Har la'asar sunayen ba su tafi ba. Mai gyara ya zo ya duba, ya ce, "An jona mata wata na'ura, an taɓa saitinta. Ba ta mantuwa, komai tana riƙewa."

Tsintsiya na hannuna, na ci gaba da shara.

Shugaban ƙungiya ya ce makulli biyu ne, ɗaya a wurina, ɗaya a wurin akawu. Ya dubi furfurata, ya ce, "Baba ko kunna ta bai iya ba." Sai ya juya ga akawu. Akawu ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na yi shiru, ina tsoron a raba ni da makullin, a kuma ambaci 'yata. Ƙarshen wata aka sallami akawu.

Wata da watanni ina sharar gefen teburin nan kamar akwai maciji a ƙarƙashinsa, ina jiran ranar da za ta nuna sunan 'yata. Ba ta taɓa nunawa ba.

Bara, bayan na tashi daga jinya, na hau mota zuwa Rogo Ruma. Na sami akawu yana ɓarar gyaɗa a ƙofar gida. Muka gaisa, na faɗa masa komai.

Ya ce, "Baba, tun safiyar na sani. A baibai kuka rufe ta da ƙyallen."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na ɗauka za ku faɗa da kanku."

Ya ce ya yafe, ya sa aka kawo mini ruwa. Na riƙe kofin har aka kira azahar, ban iya kai shi baki ba.