Karen Baba Bitrus

Duk unguwarmu babu wanda bai san Baba Bitrus ba, mutumin da ya baro ƙauyensu a bayan Rijau da gatari ɗaya da wando biyu, ya zo Kontagora ya tsufa a ƙofar siton masarar wani. Da rana noma, da dare gyangyaɗi, shi dai ya ce gadi yake yi. Ainihin mai gadin kuwa karensa ne, Ƙyale-su. Sunan ma habaici ne gare mu maƙwabta, mun gane, mun shanye.

Matarsa Lahadi takan ce, "Da ni da karen nan za mu faɗa rijiya, sai an tsamo shi an goge masa jiki kafin a leƙo ni." Baba bai taɓa musawa ba.

To, kare ya tsufa, sai ga wani tsiro a dasashinsa kamar gauta. Yawu da jini suna zuba, wari kuwa ko ƙuda sai ya yi shawara. Tuwo ya gagara, Baba ya koma dama masa kunu. An shafa man kaɗanya, an jiƙa sassaƙen maɗaci, tsiro sai ƙara ƙiba yake.

Masu Keke Napep suka ƙi ɗaukar kare, sai Baba ya tura shi a baro har wurin likitan dabbobi. Likita ya duba ya ce, "Baba, ciwon daji ne. Ana iya yankewa har da ƙashin muƙamuƙi, amma a shekarunsa da wuya ya farka, kuma abin kan dawo. Ko kuwa allura guda, ya yi barci, babu zafi."

Baba ya yi kwanaki yana juya maganar, har ya rame. Ranar da kunun ma ya ƙi wucewa, ya yanke shawara: allura, sannan a binne shi a gindin ɗorawar gonarsa. Sai dai idonsa ba zai iya gani ba.

Nan Abel ya shigo, abokin farautarsa tun suna samari, benci ɗaya suke zama a coci.

"Kawo igiyar, Bitrus. Kai zuciyarka kamar awara take. Ni zan kai shi, in binne maka shi."

Kare ya turje. Baba ya durƙusa ya shafa kansa ya ce, "Bi shi, ɗan'uwana ne." Ya bi, yana waige.

Washegari Baba ya tarar da tudun ƙasa a gindin ɗorawa, ya sare ƙaya ya rufe don kada aladu su tone. Bayan kwana biyu ya ɗauki ƙwan zabi ya kai wa likita godiya.

"Wace allura, Baba? Tun ranar baro ban sake ganin karenka ba."

Ashe ranar da Abel ya tafi da karen ta yi daidai da zagayen masu sayen karnuka, waɗanda ke yawo da kejin ƙarfe a bayan babur, suna musanya kare da roba ko adda, su tara, a loda a mota zuwa kudu inda ake ci. Baba ya isa gidan Abel ya tarar da matarsa Christiana tana wanki a sabuwar roba, ko takardar jikinta ba a ɓare ba.

Abel ko kunya babu. "Haba Bitrus, mai mutuwa ne fa! Can kisa, nan kisa. Na ga kada a yi asara biyu ne."

Baba ya kalli robar, ya daɗe. Ya ce, "A keji ya tafi, da bakin nan?"

Ran Lahadi Baba ya sauya benci a coci. Da fasto ya matsa a sasanta, Abel ya aiko Christiana da ɗan kwikwiyo a kwali. Baba ya ba kwikwiyon ruwa ya sha, ya mayar mata.

"Ce masa ya riƙe abinsa ya yi kiwo. In ya tsufa, ai kun samu bokiti."